BABI NA UKU: TANGARƊAR JIGILA A CIKIN ƘWAYAR JIJIYA DA ALAƘARTA DA CUTAR MUTUWAR JIJIYOYIN MOTSI

3.0 GABATARWA

A wannan babi za a dubi wani ɓangare guda na binciken da masana kimiyyar lafiya suka daɗe suna yi a kan cutar mutuwar jijiyoyin motsi, wato yadda ake jigilar kayayyaki a cikin ƙwayar jijiya, da kuma abin da kan biyo baya idan wannan jigila ta sami tangarɗa. Tambayar da babin zai tsaya a kanta ita ce: shin tsayawar jigilar ce take kashe ƙwayar jijiya, ko kuwa ƙwayar ce take fara mutuwa, sannan jigilar ta tsaya? Amsar wannan tambaya ita za ta nuna inda ya kamata a nemi magani, ga shi kuwa har yanzu cutar ba ta da maganin warkewa.

Kafin a ci gaba, ya kamata a yi wani ɗan tsokaci a kan kalmar "jijiya". Bahaushe yakan kira hanyar jini da jijiya, yakan kuma kira agara da jijiya. A wannan babi duk inda aka ce jijiya, ana nufin wadda take ɗaukar saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da laka da sauran sassan jiki.

3.1 CUTAR MUTUWAR JIJIYOYIN MOTSI

Kowane motsi da mutum ya yi da niyya, tun daga ɗaga ƙafa har zuwa haɗiyar yawu, saƙonsa yana bi ta kan ƙwayoyin jijiya iri biyu. Na farko suna tasowa daga ƙwaƙwalwa su gangaro cikin laka, na biyu kuma suna tasowa daga laka su isa ga tsoka. Waɗannan su ake kira ƙwayoyin jijiyar motsi, kuma su ne cutar take kashewa sannu a hankali. Nau'inta da ya fi yawa shi ne wanda likitoci suke taƙaita sunansa da ALS. Wani likita Bafaranshe mai suna Jean-Martin Charcot, wanda ya yi aiki a asibitin Salpêtrière da ke birnin Paris, shi ne ya fara bayyana siffofinta tun daga 1869, ya kuma raɗa mata suna a 1874. A Amurka an fi saninta da sunan Lou Gehrig, wani shahararren ɗan wasa da ta kama a 1939, ya rasu a 1941.

Cutar takan fara da raunin hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya, ko kuma nauyin harshe. Daga nan tsoka ta riƙa rawa tana motsewa, raunin ya yi ta yaɗuwa har ya kai ga tsokar numfashi. Yawancin majiyyata sukan rasu cikin shekara 2 zuwa 5 da bayyanar alamomi, duk da yake ana samun irin su masanin kimiyyar nan Stephen Hawking, wanda aka gano yana da ita a 1963 amma bai rasu ba sai a 2018. A ƙasashen Turai takan kama kimanin mutum 2 cikin 100,000 a kowace shekara. Kimanin kashi 10 cikin ɗari na masu ita gadonta suka yi. A Nijeriya ma an yi nazarinta, domin Farfesa B. O. Osuntokun da abokan aikinsa na Ibadan sun buga sakamakon bibiyar majiyyata 92 a shekarar 1974.

Ba a rasa masu rikita ta da shan inna ko shanyewar ɓarin jiki. Shan inna ƙwayar cuta ce take kawo shi, yakan yi ɓarnarsa cikin 'yan kwanaki ya tsaya. Shanyewar ɓarin jiki kuwa daga toshewa ko fashewar hanyar jini a ƙwaƙwalwa take, kuma farat ɗaya take zuwa. Ita wannan cuta ba a ɗaukarta daga wani, ba ta zuwa farat ɗaya, kuma idan ta fara ba ta tsayawa. Wani abin lura shi ne, yawanci ji da gani da jin taɓi ba sa taɓuwa. Wannan ne ya sa masana suka riƙa tambayar me ya bambanta ƙwayar jijiyar motsi da sauran ƙwayoyin jiki har cutar take zaɓenta.

3.2 TSAWON ƘWAYAR JIJIYA DA BUƘATAR JIGILA

Amsa ta farko da ta zo wa masana ita ce tsawo. Ƙwayar jijiyar motsi tana da uwar jiki, wadda take zaune a cikin laka, da kuma wani dogon zare guda ɗaya da ake kira akzon, wanda yake fita daga laka ya tafi har ga tsoka. Faɗin uwar jikin bai fi kashi ɗaya cikin ashirin na milimita ba, amma zaren da yake zuwa tafin ƙafar dogon mutum yakan kai mita guda. Ke nan zaren ya ninka faɗin uwar jikin sau 20,000. Alal misali, da uwar jikin za ta zama fili mai faɗin mita 50, to da zaren ya kai kilomita 1,000, wato kusan nisan Kano zuwa Legas a mota.

Matsalar ita ce, kusan duk abin da zaren yake buƙata a uwar jiki ake ƙera shi, domin a nan ne ƙwayoyin gado suke. Furotin da ake gina zaren da shi, da mitokondiriya masu samar da makamashi, da 'yan jakunkunan da ke ɗauke da kayan aikin bakin zare, duk sai an yi jigilarsu zuwa can. Haka kuma tsofaffin kayan da suka lalace sai an dawo da su baya domin a narkar da su. Tare da su ake dawo da wasu sinadarai da tsoka take bayarwa, waɗanda suke sanar da uwar jiki cewa har yanzu bakin zaren yana manne da tsoka. Idan wannan saƙo ya daina isowa, ƙwayar takan shiga hatsari. Daɗin daɗawa, ƙwayar jijiyar motsi ba ta rabuwa biyu ta sabunta kanta kamar ƙwayar fata. Wadda aka haifi mutum da ita, ita ce za ta yi masa aiki har tsufa.

Paul Weiss da Helen Hiscoe su ne suka fara nuna cewa akwai wannan zirga-zirga, a 1948. Sun matse jijiyar dabba a wuri guda, sai suka ga ɓangaren da ke kusa da uwar jiki ya kumbura, kamar yadda ruwa yake taruwa a bayan madatsa. Da matsin ya kau, sai kumburin ya riƙa gaba da kimanin milimita ɗaya a rana. Daga baya aka gano cewa jigilar iri biyu ce. Akwai mai sauri, wadda takan kai milimita 400 a rana, ita ce take ɗaukar jakunkuna. Akwai kuma mai nawa, wadda a wani lokaci ba ta wuce milimita ɗaya a rana, ita ce take ɗaukar kayan ginin zaren kansa, kamar wani furotin mai kama da igiya da ake kira nurofilamen. Idan aka yi lissafi, kayan da suka bi mai sauri za su kai tafin ƙafa cikin kwana biyu da rabi, na mai nawa kuwa sai sun yi kusan shekara uku a hanya.

Hanyar da kayan suke bi wasu siraran bututu ne da aka jera a tsawon zaren kamar layin dogo, ana kiransu maikurotubul. Abin da yake jan kayan a kansu kuwa wasu furotin ne masu ƙafa biyu. Na farko shi ne kainesin, wanda Ronald Vale da Thomas Reese da Michael Sheetz suka gano a 1985, a lokacin da suke nazarin ƙatuwar jijiyar wata dabbar teku mai suna sikwid a cibiyar bincike ta Woods Hole da ke Amurka. Shi ne mai kai kaya gaba, daga uwar jiki zuwa bakin zare. Kowane takunsa nanomita 8 ne, saboda haka tafiyar mita guda taku miliyan 125 ke nan, kuma kowane taku yana cin makamashi. Na biyu shi ne dainin, wanda Richard Vallee da abokan aikinsa suka nuna a 1987 cewa shi ne mai dawo da kaya baya. Shi dainin ba ya iya aiki sosai sai da mataimakinsa mai suna dainaktin.

Wannan hanya ta dawowa baya ba baƙuwa ba ce ga likitocin ƙasar Hausa, domin ita ce ƙwayar cutar haukan kare take bi daga wurin cizo har zuwa laka da ƙwaƙwalwa. Dafin cutar tsinkau-tsinkau ma ita yake bi. Kamar yadda za a gani nan gaba, wannan ɗabi'a ta dafin ta yi wa masu bincike rana.

3.3 SHAIDAR FARKO DAGA GAWARWAKI DA ƁERAYE

A 1968 wani likita mai suna Stirling Carpenter ya duba lakar mutanen da cutar ta kashe, ya tarar da kumburi a gindin zaruruwan jijiyar motsi, daf da uwar jiki, kuma kumburin cike yake da nurofilamen. Duk wanda ya san gwajin Weiss da Hiscoe zai ga kamar an matse jijiyar ne daga ciki. Sai dai gawa ba ta nuna abin da ya fara faruwa, ƙarshen al'amari kawai take nunawa. Saboda haka maganar ta zauna a matsayin zato har tsawon shekara 25.

Abin da ya sauya lamarin shi ne gano ƙwayar gado ta farko mai haddasa cutar, wato SOD1, a 1993. A shekarar da ta biyo baya Mark Gurney da abokan aikinsa suka sanya gurɓatacciyar SOD1 ta ɗan'adam a jikin ɓeraye, ɓerayen suka kamu da irin wannan shanyewa, suna mutuwa cikin wata biyar zuwa shida. Daga nan aka sami damar duba jijiya tun kafin ciwo ya bayyana. A 1999 Toni Williamson da Don Cleveland suka nuna cewa a jikin ɓeraye masu gurɓatacciyar SOD1, jigila mai nawa takan ƙara nawa watanni kafin a ga wata alama a zahiri.

Wani bincike da ya yi tasiri ƙwarai shi ne na Lindsey Fischer da Jonathan Glass na Jami'ar Emory, a 2004. Sun ƙirga mahaɗar jijiya da tsoka, da zaruruwa, da uwayen jiki, a matakai daban-daban na rayuwar ɓerayen. A kwana na 47 kimanin kashi 40 cikin ɗari na mahaɗar sun riga sun rabu da tsoka, alhali ɓeran yana gudunsa lafiya. A kwana na 80 aka ga zaruruwan da ke fitowa daga laka sun ragu matuƙa. Uwayen jiki kuwa ba a ga sun fara ɓacewa ba sai wajen kwana na 100. Wato mutuwar daga nesa take farawa, ta riƙa dawowa gida. Idan aka koma ga misalin da aka kawo a baya, Legas ce take fara shiga yunwa, Kano tana zaune ba ta sani ba. Wannan tsari ya dace ƙwarai da ra'ayin masu cewa jigila ce ta lalace, domin wanda ya fi nisa da rumbu shi zai fara jin yankewar hanya.

A Landan kuma, ƙungiyar Giampietro Schiavo da Linda Greensmith ta ɗauki wani ɓangare na dafin tsinkau-tsinkau wanda ba ya cutarwa, ta liƙa masa sinadari mai walƙiya, ta yi wa ɓera allurarsa a tsokar ƙafa. Bayan an sa wa ɓeran maganin barci, sai a buɗe jijiyar cinyarsa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a riƙa kallon ɗigon haske suna tafiya zuwa laka, ana auna saurinsu. Sakamakon da suka buga a 2010 ya nuna cewa tafiyar takan ragu tun kafin ɓera ya nuna alamar ciwo, kuma a jijiyoyin motsi ne abin yake faruwa, na jin taɓi ba su taɓu ba. Kafin wannan, a 2007, Kurt De Vos da Christopher Miller sun nuna cewa gurɓatacciyar SOD1 tana rage yawan mitokondiriya da ke isa cikin zare. Zaren da ba shi da isasshen makamashi kuwa, masu jan kayansa ma ba za su iya tafiya ba, sai matsalar ta riƙa ciyar da kanta.

3.4 SHAIDA DAGA ƘWAYOYIN GADON ƊAN'ADAM

Duk abin da aka kawo a sama yana nuna cewa tangarɗar takan zo da wuri ne kawai. Zuwa da wuri kuwa bai isa hujjar cewa ita ce sanadi ba. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce a sami mutanen da ba abin da ya gurɓace a jikinsu tun haihuwa sai na'urar jigilar kanta, a kuma ga jijiyoyin motsinsu sun mutu.

An sami irin wannan a 2003, lokacin da Imke Puls da Kenneth Fischbeck suka ba da rahoton wani dangi a Amurka masu gurɓataccen dainaktin. Ciwonsu yakan fara da shanyewar maƙogwaro, sannan ya shafi fuska da hannuwa. Ba ALS ba ce sak, domin tana tafiya a hankali kuma ba ta taɓa jijiyoyin da ke gangarowa daga ƙwaƙwalwa, amma ta tabbatar da cewa lalacewar mai jan kaya ita kaɗai tana iya kashe ƙwayar jijiyar motsi. A 2014 aka ƙara samun gurɓata a TUBA4A, wadda take ƙera ɗaya daga cikin tubalan da ake gina bututun hanya da su.

Mafi muhimmanci a wannan fage ita ce KIF5A, ƙwayar gadon da take ƙera wani nau'in kainesin na jijiya. A 2018 ƙungiyoyi biyu, ɗaya ƙarƙashin John Landers da Bryan Traynor bayan nazarin ƙwayoyin gadon dubban majiyyata, ɗaya kuma a Jamus, suka tabbatar da cewa gurɓatarta tana haddasa ALS. Abin sha'awa shi ne, tun 2002 an san cewa gurɓatar KIF5A ta wajen ƙafafun furotin ɗin tana kawo wata cuta daban ta sanƙarewar ƙafafu. Wadda take kawo ALS kuwa a wutsiyarsa take. Da farko an ɗauka raunin wutsiya yana hana shi riƙe kaya ne. Amma binciken da aka buga a 2022 ya nuna wani abu daban. A ka'ida, idan kainesin ba ya ɗauke da kaya, yakan naɗe wutsiyarsa a kan ƙafafunsa ya tsaya cik, wato wutsiyar ita ce birkinsa. Gurɓataccen ba shi da wannan birki, saboda haka yakan yi ta gudu ko da kaya ko babu, ya je ya taru a bakin zare ya dunƙule. A nan ke nan ba nawa ce matsalar ba, rashin tsari ne. Wannan ya isa ya sa a yi hattara da fassara tangarɗar jigila da raguwar sauri kawai.

Sai dai masu gurɓatar dainaktin da TUBA4A da KIF5A, ko an haɗa su gaba ɗaya, 'yan ƙalilan ne cikin majiyyata. Mafi yawan masu cutar wata alama ce daban take haɗa su. A 2006 ƙungiyar Virginia Lee da John Trojanowski ta Jami'ar Pennsylvania, da wata ƙungiya a Japan, suka gano cewa wani furotin mai suna TDP-43 yakan bar mazauninsa a tsakiyar ƙwaya ya fito ya dunƙule. Ana samun haka a kimanin kashi 97 cikin ɗari na majiyyata. Aikin TDP-43 shi ne kula da RNA, wato kwafin umarnin da ake ɗauka daga ƙwayar gado domin ƙera furotin. To, ashe ƙwayar jijiya ba kullum take aika ƙerarren kaya ba, wani lokaci umarnin take aikawa domin a ƙera kayan a can cikin zare. A 2014 ƙungiyar J. Paul Taylor ta nuna cewa TDP-43 yana cikin ƙunshin da ke ɗauke da wannan umarni, kuma gurɓatarsa tana hana ƙunshin tafiya yadda ya kamata. A 2019 kuma aka gano cewa irin wannan ƙunshi yakan nemi a rage masa hanya ne a bayan wasu jakunkuna masu tafiya, kuma furotin ANXA11 shi ne igiyar da take ɗaure su. Gurɓatar ANXA11 kuwa tun 2017 aka san tana haddasa ALS.

Haka abin yake ga C9orf72, wadda aka gano a 2011, kuma ita ce ta fi kowace yawa a cikin masu gadon cutar a tsakanin Turawa. Gurɓatarta tana sa ƙwaya ta ƙera wasu baƙin furotin, waɗanda masana na Leuven a Beljiyam da na Cambridge a Ingila suka nuna a 2021 cewa suna manne wa bututun hanya da masu jan kaya, su zame musu shinge. Ke nan ƙwayoyin gado da dama waɗanda ayyukansu suka sha bamban, idan aka bi diddiginsu sai a ga sun ratsa ta kan jigila.

3.5 SAKAMAKON DA BAI DACE DA RA'AYIN BA

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce an gama. To amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Akwai gwaje-gwaje da dama da suka ƙi bin wannan layi, kuma bai kamata a tsallake su ba.

Na farko ya shafi wasu ɓeraye masu gurɓataccen dainin, waɗanda ƙungiyar Elizabeth Fisher ta Landan ta ba da rahotonsu a 2003. An ɗauke su a matsayin hujjar cewa raunin dainin yana kashe jijiyar motsi. Daga baya wasu masana suka sake duba su, suka tarar cewa jijiyoyin da suka fi ɓacewa su ne masu sanar da ƙwaƙwalwa matsayin gaɓoɓi. Abin da ya fi ɗaure kai ya faru a 2005, da aka haɗa waɗannan ɓeraye barbara da masu gurɓatacciyar SOD1. An zaci 'ya'yan da suka gaji matsala biyu za su fi saurin mutuwa, sai ga shi sun fi masu SOD1 kaɗai tsawon rai.

Na biyu shi ne binciken Petar Marinković da Thomas Misgeld da Martin Kerschensteiner na birnin Munich, a 2012. Sun kwatanta jigilar mitokondiriya a ɓeraye iri-iri. A wani irin mai gurɓatar da ake kira G85R, zaruruwa sun mutu ba tare da an ga wata tangarɗar kirki kafin hakan ba. A wani irin kuma, mai ɗauke da lafiyayyar SOD1 ta ɗan'adam fiye da kima, jigilar ta yi rauni na tsawon lokaci amma zaruruwan suka daɗe suna raye. Wato an sami mutuwa ba tangarɗa, an kuma sami tangarɗa ba mutuwa. Har ila yau, a 2020 James Sleigh da Schiavo suka yi amfani da dabarar dafin nan a kan ɓeraye masu gurɓataccen TDP-43 da masu gurɓatacciyar FUS, wata ƙwayar gadon cutar da aka gano a 2009. Na TDP-43 sun nuna tangarɗa, na FUS kuwa ba su nuna wani abin a zo a gani ba, duk da cewa ƙwayoyin jijiyarsu suna mutuwa.

Wani ɓangare na wannan saɓani daga hanyar awo yake. Wani ya auna mitokondiriya, wani ya auna jakunkunan saƙo, wani kuma nurofilamen, alhali kowanne da mai jansa da ka'idarsa. Cewa "jigila ta lalace" ba tare da faɗin wane kaya, wace alkibla, kuma a wane mataki ba, magana ce da ba ta cika ba. Bugu da ƙari, jijiyar ɓera 'yan santimita ce, rayuwarsa kuma ba ta wuce shekara biyu zuwa uku, saboda haka bai ɗanɗana nisan da tsawon zamanin da ƙwayar ɗan'adam take fama da su ba. Ɓeran SOD1 da aka fi dogara da shi ma yana wakiltar kimanin kashi 2 cikin ɗari ne kacal na majiyyata, kuma ba ya nuna dunƙulewar TDP-43 da ake gani a sauran. Abin da hujjojin suke iya ɗauka shi ne, a wasu dangi kamar masu KIF5A tangarɗar jigila ita ce tushen cutar, a wasu majiyyata kuma tana cikin abubuwan da suke taruwa su kayar da ƙwayar, a wasu kuwa mai yiwuwa sakamako ce kawai. Wanda ya ce ita ce sanadin cutar baki ɗaya ya wuce inda shaidarsa ta tsaya.

3.6 NEMAN MAGANI TA WANNAN HANYA

An gwada gyara jigilar ta fuskoki daban-daban. Gerardo Morfini da Scott Brady sun nuna a 2013, ta amfani da ruwan jijiyar sikwid, cewa gurɓatacciyar SOD1 tana tayar da wani sinadari mai suna p38, shi kuma ya hana kainesin tafiya. A 2018 ƙungiyar Schiavo ta ba ɓeraye maganin da ke danne p38, jigilar dawowa baya ta farfaɗo. A Leuven kuma, a 2017, ƙungiyar Ludo Van Den Bosch ta ɗauki ƙwayoyin fatar majiyyata masu gurɓatar FUS ta mayar da su ƙwayoyin jijiyar motsi a ɗakin gwaji, bisa dabarar da Shinya Yamanaka na Japan ya ƙirƙiro. Waɗannan ƙwayoyi, saɓanin ɓerayen FUS, sun nuna tangarɗa a fili, kuma da aka danne wani sinadari mai suna HDAC6 sai tafiyar ta dawo daidai. Ana kuma bin sawun wani furotin mai suna STMN2, wanda aka gano a 2019 cewa yakan ragu idan TDP-43 ya bar mazauninsa, shi kuwa zare yana buƙatarsa domin gyara kansa.

Ba kowane yunƙuri ne ya yi kyau ba. Masana a Tasmaniya ta ƙasar Ostareliya sun ba ɓerayen SOD1 wani magani mai suna epothilone D, wanda yake ƙarfafa bututun hanya kada su wargaje. Rahotonsu na 2018 ya nuna cewa maganin hanzarta cutar ya yi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan, domin bututun ba ƙarfe ba ne, dole ne su riƙa rushewa suna sake ginuwa kafin zare ya rayu.

Daga cikin magungunan da hukumomi suka amince da su, babu wanda aka ƙera domin gyara jigila kai tsaye. Riluzole, wanda aka amince da shi a Amurka a 1995, yakan ƙara wa majiyyaci kimanin wata biyu zuwa uku. Edaravone ya sami amincewa a Japan a 2015, a Amurka kuma a 2017. Tofersen, wanda ake allurarsa cikin ruwan laka domin rage ƙera SOD1, an amince da shi a Amurka a watan Afrilu na 2023, ga masu wannan gurɓata kaɗai. Babban gwajinsa na mako 28 bai cim ma burinsa na farko ba, wato nuna bambanci a fili a ƙarfin jikin majiyyata. Abin da hukumar ta dogara da shi shi ne raguwar nurofilamen a cikin jinin waɗanda aka yi wa allurar. Wannan furotin, wanda Carpenter ya tarar jibge a gindin zaruruwa a 1968, yakan tsiyayo cikin ruwan laka da jini idan zare yana rushewa, kuma da yawansa ne likitoci suke auna saurin ɓarnar da cutar take yi a jikin mai rai.